Tambayoyi da amsoshi kan kimiyyar ƙirar ƙwayoyin gado: gonarmu, dajinmu da lafiyarmu a ƙasar Katsina

Tun da aka fara cece-kuce kan masarar TELA, sabon irin da aka sauya wa ƙwayoyin gado, a 2024, da wuya in je ɗaurin aure ko in zauna a majalisar bayan la'asar a garin nan ba tare da wani ya ja ni gefe ba. An san na daɗe ina koyar da bayoloji, don haka ake ɗauka ina da amsar komai. Tambayoyin kuwa kusan iri ɗaya ne, daga manomin Batagarawa har ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Shi ya sa na tara su wuri guda. Na bar su yadda aka yi mini su, har da waɗanda aka yi cikin fushi.

Malam, wai mece ce wannan kimiyyar?

Duk wani mai rai, gero ne ko sauro ko ɗan Adam, yana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, wanda ake kira DNA. Haruffansa huɗu ne kacal, amma jerinsu ne ke sa wake ya fito fari ko ja, dawa ta zama kaura ko farafara. Kakanninmu sun daɗe suna aiki da wannan rubutu ba su gan shi ba. Manomin da ya ware zangarniyar da ta fi cika ya rataye ta don irin baɗi, gado yake zaɓa.

Daga baya masana suka koyi karanta rubutun, suka koyi yanke wani yanki su liƙa a wani wuri, yanzu kuma sun kai ga zana shi a kwamfuta su sa na'ura ta haɗa shi harafi bayan harafi. Wannan mataki na ƙarshe shi Turawa ke kira sintetik bayoloji. Nakan kwatanta wa ɗalibai da aikin tela. Abin da ake ce wa GMO faci ne aka ɗauko daga wata riga aka ɗinka a taka. Gyaran gado da almakashin CRISPR, wanda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012, kamar warware ɗinki ɗaya ne a sake shi. Ƙirar gado kuwa ita ce a zauna a zana rigar tun daga wuya har gindi. Sunan masarar TELA dai ba daga telan Hausa ya fito ba, daga wata kalmar Latin ce mai nufin kariya.

To ai sun yi halitta ke nan. Wannan ba shiga hurumin Ubangiji ba ne?

Ba su yi halitta ba, kuma ba su kusa ba. A 2010 cibiyar Craig Venter a Amurka ta haɗa rubutun gadon wata bakteriya mai haruffa sama da miliyan ɗaya, jaridu suka yi ta yayata cewa an ƙirƙiri rai. Abin da ya faru shi ne sun kwafi rubutun da ke akwai, suka sa shi cikin wata ƙwayar da take da ranta tun farko. Da babu wannan rayayyar ƙwayar, da rubutun ya zauna a kwalba kamar gari. A 2016 suka rage shi zuwa ƙwayoyin gado 473, mafi ƙarancin da ƙwayar za ta rayu da su, sai ga shi 149 daga ciki ba su san aikinsu ba. Sun dai san in an cire su ƙwayar ba ta kai labari.

Hukunci kuwa na malamai ne, ni ba mai fatawa ba ne. Masu hani sukan kawo aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya yi alwashin sa mutane su canza halittar Allah. Masu sassauci sukan kawo hadisin barbarar dabino a Madina, da kuma yadda aka daɗe ana samun alfadari daga jaki da goɗiya, ana yi wa mangwaro aure. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1998 ta halatta amfani da wannan ilimi a noma da kiwo da magani, da sharaɗin a kauce wa cutarwa, ta kuma hana wasa da asalin ɗan Adam. A wannan gaɓa ta ƙarshe har masana kimiyya sun yarda: masanin nan na Sin, He Jiankui, da ya taɓa gadon jarirai a 2018, shekara uku ya yi a kurkuku.

Akwai abin da muke amfani da shi yanzu da ya fito daga irin wannan aiki?

Akwai, kuma tun ba yau ba. Insulin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura da shi, da can daga jikin shanu da aladu ake tatso shi. Tun 1982 bakteriya da yis da aka sa wa umarnin gadon ɗan Adam ne ke yin sa a cikin tankuna. Rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai a asibitocinmu, yis ne ke samar da sinadarinsa. Sinadarin atemisinin na maganin zazzaɓin cizon sauro daga wani ganye ɗan uwan tazargade ake samun sa, amma Jay Keasling na Jami'ar Kalifoniya ya koya wa yis yin mafarinsa, kamfanin Sanofi ya fara sarrafa shi a 2013.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na sikila. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayoyin ɓargon mai ciwon da CRISPR. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a lokacin dala miliyan 2.2 ne. Ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila ita ce tamu, sai dai mu ji labari a rediyo.

Waken nan da masarar da ake ta magana, su ma ciki suke?

Su na matakin faci ne, amma doka ɗaya ke kula da su, kuma su ne ƙofar da sauran za su biyo. Waken SAMPEA 20-T a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, aka samar da shi ƙarƙashin Farfesa Mohammad Ishiyaku, aka amince da shi a 2019. An sa masa gado ɗaya daga wata bakteriyar ƙasa mai suna Bt, wanda ke kashe tsutsar maruka mai huda fure da kwanson wake. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas zai iya komawa sau biyu. Biyun nan ba za su tafi ba, domin waken bai san darɓa ba, bai san ƙwarin da ke tsotse kwanso ba, balle ƙwaron da ke cin sa a buhu. Duk dillalin da ya ce maka ba ya son feshi sam, kuɗinka yake so.

Audugar Bt an sake ta a 2018, mutanen Funtuwa da Malumfashi da Bakori sun fi ni saninta. Masarar TELA kuma, wato SAMMAZ 72T zuwa 75T, a Janairun 2024 aka amince da ita, don tsutsar da ke huda kara da tsutsar nan mai cin zuciyar masara, da kuma ɗan jure ƙarancin ruwa.

To ina haɗarin yake? Ko duk surutu ne?

Nan ne nake roƙon a zauna a saurara, don a nan ake yawan cakuɗa abubuwa. In aka kawo mini sabon abu, tambayar da nake fara yi ita ce: in ya ɓaci, ana iya janye shi?

Yis ɗin da ke yin insulin a kulle yake cikin tankin ƙarfe. In an ga matsala a kashe wuta, a dafa abin da ke ciki, magana ta ƙare. Irin da aka shuka a gona ya fi wannan wuyar kamawa, domin iska na ɗaukar bununinsa, tsuntsu na ɗaukar ƙwayarsa, maƙwabci na roƙon tiya ɗaya. Duk da haka in an daina sayar da shi, a hankali yakan ja baya. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008, ta ga zarenta ya gajarce har farashinta ya faɗi a kasuwar duniya, ta watsar da ita a 2016 ta koma irinta na da. An yi asara, amma an samu hanyar komawa.

Na ukun shi ne abin da aka ƙera musamman don ya yaɗu da kansa a daji: sauro, ɓera, ƙwayar cutar da za a fesa a ƙasa ta zauna. Wannan zarar bunu ne. Ba mu ma buƙatar ɗakin gwaje-gwaje kafin mu san halin mai rai in ya sami wurin zama. Masu noman rani a Ajiwa da Jibiya ba su manta da sharon ba, ƙwaron da ya taso daga Kudancin Amurka ya cinye tumatirin Arewa a 2016. A shekarar ce kuma tsutsar masara ta bayyana a Najeriya, ita ma daga can. Mutanen Haɗeja da Nguru har yau suna fama da kacala a fadamunsu. Ostireliya ta shigo da kwaɗi kusan ɗari a 1935 don su cinye ƙwaron rake, ƙwaron bai tafi ba, kwaɗin suka zama miliyoyi, dafinsu na kashe dabbobi da yawa da suka haɗiye su. Babu ɗaya cikin waɗannan da aka taɓa gadonsa. Darasin da ke cikinsu shi ne babu wanda ya iya kiran su su dawo.

Saboda haka mai cewa duk abin guba ne, da mai cewa duk lafiya lau ne, ban ga wanda zan bi a cikinsu ba. Matakan nan uku kowanne da nasa ma'auni.

Zai iya gurɓata irinmu na gargajiya?

Ya danganta da amfanin gonar. Wake yawanci kansa yake yi wa barbara tun furen bai buɗe ba, don haka cakuɗuwarsa kaɗan ce, ko da yake zuma da sauran ƙwari kan kai bununi nan da can, kuma yankinmu na da waken daji da ke iya aure da na gida. Masara kuwa iska ce ke mata aure. In gonarka na jikin ta maƙwabci, abin da ya shuka zai leƙo cikin taka, kamar yadda kowa ya sha ganin jajayen ƙwayoyi a jikin farar masara. Sauƙin da ke nan shi ne masara baƙuwa ce, daga Meziko ta zo, ba ta da dangi a dajinmu.

Inda zuciyata ke bugawa shi ne gero da dawa. Nan Afirka aka fara noma su, gero ma a wannan yanki na Sahel, kuma danginsu na daji suna nan a gefen gona. Duk manomin Daura ko Mai'aduwa ya san shibra, geron nan da ke zubar da ƙwayarsa tun kafin a zo girbi. Shibra 'yar aure ce tsakanin geron gida da na daji, shaida ce cewa gado na kai da komo tsakaninsu kowace damina. Yanzu a ce an ƙera geron da maganin ciyawa ba ya kashe shi. Shekara nawa za a yi kafin shibra ta gaji wannan hali? Babu geron GMO ko dawar GMO a kasuwar Najeriya, amma ana aiki a kansu: a Jami'ar Kenyatta ta Kenya, Steven Runo na gyara gadon dawa don ta jure ƙuduji. Wanda ƙuduji ya taɓa cinye wa gona zai yi maraba da wannan, ni ma haka. Sai dai gwajin da aka yi wa masara a Amurka ba zai amsa tambayar dawa a Kankiya ba. A nan za a yi shi.

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta bununi ba, wadda ta fi saurin zuwa. In sabon iri ya yi kyau shekara uku a jere, mutane kan daina ajiye na da. Maiwa, dauro, kanannado mai yaɗo da harawa, 'yan ƙananan iri masu sunan ƙauyensu, kowanne an zaɓe shi ne a kan wani fari ko wata cuta da aka taɓa sha. Ranar da rumbu na ƙarshe ya rabu da shi, ya tafi, ba tare da wani ya yi niyyar kashe shi ba.

An ce in ka shuka shi sau ɗaya ba ya sake tsirowa, kuma yana kashe ƙasa.

Maganar tana da tushe, amma an karkatar da ita. A 1998 an yi wa wata dabara rajista a Amurka wadda za ta sa iri ya haifi 'ya'yan da ba sa tsiro. Duniya ta yi ca, ƙasashe suka dakatar da ita a 2000, ba a taɓa sayar da ita ba. Waken SAMPEA 20-T yana tsirowa in ka ajiye shi. Masarar TELA ma tana tsirowa, sai dai haibirid ce, wato an samo ta ne daga auren iri biyu daban, kuma duk haibirid, na GMO da wanda ba shi ba, 'ya'yansa ba sa kai iyayensu albarka. Shi ya sa ake komawa saye duk shekara. Wannan dogaro da mai sayar da iri abin tattaunawa ne na gaske. Kashe ƙasa kuwa, ba a ga shaidarsa ba. Abin da aka gani da ido shi ne ƙwari na sabawa: a Indiya jar tsutsar auduga ta daina jin Bt, manoma suka koma feshi.

Ina gaskiyar labarin sauron da aka ƙera a Burkina Faso?

A al'ada ɗa na ɗaukar rabin gado daga uwa, rabi daga uba, don haka sabon hali kan narke cikin jama'a. Masana sun gano yadda za a sa wani hali ya bi kusan duk 'ya'ya, jika da tattaɓa kunne. Ni ina kiran sa gadon dole. A 2018 masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan suka sa wa sauro irin wannan gado mai hana mata haihuwa, cikin zuriya bakwai zuwa goma sha ɗaya duk sauron da ke kejin ya ƙare.

Shirin Target Malaria ya saki mazan sauro kusan 6,400 a ƙauyen Bana kusa da Bobo-Dioulasso a Yulin 2019. Waɗannan marasa haihuwa ne, ba masu gadon dole ba, an yi ne don share fage. A Agustan 2025, kwanaki kaɗan bayan wani sakin na biyu, gwamnatin Burkina Faso ta rufe shirin gaba ɗaya. Sauro mai gadon dole dai har yanzu a keji yake.

Ba na iya yi wa wannan batu amsar gaba gaɗi. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Wanda ya taɓa shiga ɗakin yara a asibiti cikin watan Agusta ko Satumba, ya ga uwaye biyu a gado ɗaya kowacce da ɗanta ana ƙara masa jini, ba zai yi saurin cewa a bar sauro ya sha iska ba. A ɗaya hannun, sauro bai san iyakar Kongolam ba, bai san ta Magama ba. Wani bincike da aka yi a Mali aka wallafa a 2019 ya kama sauro a sama, iska na tafiya da shi, an ƙiyasta yana iya cin ɗaruruwan kilomita a dare ɗaya. In wata ƙasa ta saki nata, mu ma an sakar mana, ko an tambaye mu ko ba a tambaye mu ba.

In sauro ya ƙare, me jemage da kifi za su ci?

Nau'in sauro a duniya ya kai 3,500, waɗanda ake hari uku ne ko huɗu daga dangin Anofilis. Binciken da aka yi bai nuna wata dabba da ta dogara da su kaɗai ba. Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce wa zai gaje gurbinsu. Tuni wani baƙon sauro daga Asiya, Anofilis istifensi, mai son tankunan ruwa na birni, ya bayyana a Jihar Gombe a 2020.

Ba ta da wani amfani ga dajin kansa?

Tana da shi. Duk feshin da aka rage, zuma da kwaɗi da tsuntsaye sun huta, haka yaron da ake ba famfon feshi ya goya ba safar hannu ba takunkumi. Wani mai da ake cirowa daga hantar kifin shak don man shafawa, yanzu yis na yin sa daga rake. Masu kare namun daji kansu sun rabu biyu a kan batun: a babban taron ƙungiyarsu ta duniya, IUCN, a Abu Dhabi a Oktoban 2025, an nemi a dakatar da sakin irin waɗannan halittu a daji, ƙuri'a ba ta kai ba, aka tsaya a kan duba kowanne da halinsa. Amma kada a ruɗe mu. Abin da ke cinye dajin Rugu gatari ne da gawayi da rashin tsaro, kuma babu ɗakin gwaje-gwajen da zai maido da kukar da aka sare.

Mu da muke sayar da ƙaro da man kaɗe, ina ruwanmu?

Ku tambayi marina. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fito da shuɗin rini na kanti, noman baba ya durƙushe a Indiya, a hankali karofin ƙasar Hausa ma suka koma kufai sai ɗai-ɗai. Yau ana koya wa yis yin ƙamshin banila, abin da manoman Madagaska ke ci da shi. Duk abin da bishiya ke fitarwa mai tsada, wani na tunanin yadda tanki zai fitar da shi. In ƙaro ya rasa mai saye, ita kanta bishiyar ta rasa mai kare ta daga masu itace. Ba kullum tanki ke cin nasara ba, domin atemisinin na yis ya kasa karya farashin na ganye, har Sanofi ya sayar da masana'antar. Amma in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

Wa ke sa ido a kan duk wannan a Najeriya?

Hukumar NBMA da ke Abuja, mai ba da izinin sakin halittun da aka sauya wa gado, wadda aka kafa da dokar 2015. A 2019 aka yi wa dokar kwaskwarima ta haɗa da gyaran gado, gadon dole da ƙirar gado, a 2020 kuma hukumar ta fitar da ƙa'idojin gyaran gado. Najeriya na cikin Yarjejeniyar Kartahena da ta fara aiki a 2003, wadda ta ce kada a tsallaka da halittar da aka sauya zuwa wata ƙasa don a sake ta sai da sanin ƙasar da yardarta. Nijar ma na ciki.

A takarda ke nan. Doka ta ce a baje takardun neman izini na kwana 21 don jama'a su yi magana. Da Turanci ake bajewa, a jaridun da ba sa zuwa Sandamu. Sannan duk wanda ya taɓa cin kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi ko ta Jibiya ya san yadda hatsi ke ƙetare iyaka a bayan babur, ba mai tambayar asalin irinsa. Masu adawa, irin su ƙungiyar HOMEF ta Nnimmo Bassey, na cewa hukumar ta fi kusa da masu kawo fasahar fiye da masu cin abincin, Majalisar Wakilai ma ta sa a binciki lamarin a 2024. Ban yarda da duk abin da suke faɗa ba, amma a batun rubuta wa mai saye abin da ke cikin buhu, da fassara sanarwa zuwa Hausa a karanta a rediyo, ina bayansu.

An ce Turawa na sace irinmu ta kwamfuta. Yaya ake satar iri ta kwamfuta?

Da can sai an ɗauki ƙwayar an sa a aljihu. Yanzu in an karanta rubutun gadon geron da ke jure fari aka ɗora a intanet, wani a wata nahiya zai iya sauke shi, ya haɗa yankin da yake so, ya yi masa rajista, bai taɓa taka Zangon Daura ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta yi maganar rabon riba a kan ƙwayar da ake riƙewa a hannu, rubutun kwamfuta ya zame mata. Sai a taron Kali na Kolombiya a 2024 aka kafa asusun da ake son manyan kamfanoni su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na ribarsu ko kashi 0.1 na cinikinsu, rabin kuɗin ya tafi ga al'ummomin da suka adana irin. Ba a tilasta wa kowa ba, Amurka kuma ba ta cikin yarjejeniyar tun asali.

Ba za a iya ƙera cuta da ita ba?

Za a iya, kuma masana ba sa ɓoye wannan. A 2002 aka haɗa bairos ɗin shan inna daga rubutunsa a wata jami'a a Niyok. A 2017 wasu a Jami'ar Alberta ta Kanada suka haɗa bairos ɗin agana ta dawaki, ɗan uwan agana ta mutane, da sassan da suka yi oda aka aiko musu. A Disambar 2024 masana kusan arba'in suka yi kira da kada a kuskura a ƙera bakteriyar da aka juya sinadaranta kamar hoton madubi, don garkuwar jikin mutum da dabba da tsiro ba lallai ta gane ta ba. Akwai yarjejeniyar hana makamai masu cuta tun 1972, amma ba ta da masu bincike da ke shiga su duba.

Gaskiya ne an kawo shi ne don a rage mana haihuwa?

Ba gaskiya ba ne. Amurkawa na cin masara da waken suya na GMO tun 1996, Brazil da Ajantina da Afirka ta Kudu ma sun daɗe a kai. Babbar majalisar masana kimiyya ta Amurka ta tattara binciken shekaru ashirin a 2016 ba ta ga wata cuta da ta bambanta shi da sauran abinci ba. Sinadarin Bt na aiki ne a hanjin tsutsa, cikin mutum kuwa narkar da shi yake kamar sauran abinci.

Amma ba na yi wa mai wannan tambaya dariya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Jami'in da ya zo ƙauye da sabon iri yana ce wa mutane jahilai don sun yi tambaya, shi ne ke ba jita-jita taki.

To ni da nake da 'yar gonata a Dutsin-Ma, me zan yi baɗi?

In za ka gwada, sayi iri a buhun da ke rufe mai tambarin hukumar iri ta ƙasa, ka karanta sunansa. Waɗanda muka ambata harafin T ne a ƙarshen sunansu. Kada ka saya a tiya a bakin kasuwa don an ce maka "shi ne". Tambayi malamin gona na KTARDA ko akwai irin da ake so ka shuka a gefe don kada tsutsa ta saba. Fara da kunya kaɗan a gefe ɗaya, ka gwada da naka a ƙasa ɗaya da taki ɗaya, ka lissafa kuɗin iri da na feshi da abin da ka auna. In masara ce, gaya wa maƙwabcinka, hakkinsa ne ya sani, kuma kada ka ɗebi irin baɗi daga layukan da ke bakin iyaka.

Irin gidanku kuwa, ko sabon ya ninka shi, kada ka bari ya fita daga rumbu. Cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan na ajiye da nau'in wake sama da 15,000 a ɗakin sanyi, takwararta ICRISAT na da nata rumbun gero a Sadore kusa da Yamai, amma daga can zuwa gonarka tafiya ce mai nisa. Ware dami ɗaya na gero da kwano biyu na wake, ka riƙa shuka su ko layi biyar ne duk damina, don iri in ya daɗe a ajiye ƙarfin tsirowarsa raguwa yake. In akwai tsohuwa a gidan da ta san sunan kowanne da shekarar da ya ceci gida, a sa yaro ya rubuta a littafi.